Matata ta ce a Facebook take jin abin da ke zuciyata

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Zariya, shekaruna 38, ina da mata da 'ya'ya biyu. Shekara shida ke nan ina bin ƙungiyar bishara ta ikilisiyarmu zuwa ƙauyuka duk lokacin hutun makaranta, kuma kusan kowane dare nakan rubuta ɗan tunani a kan abin da na gani da abin da Ubangiji ya koya mini, in sa a Facebook. Mutane da dama sun ce rubutun yana ƙarfafa su. Wata biyu da suka wuce na rubuta labarin saɓanin da muka yi da matata a kan kuɗin ajiyarmu da na ɗiba na yi kuɗin mota, da yadda na yafe mata maganganun da ta faɗa mini. Ban ambaci sunanta ba, amma matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiyarmu, suka tare ta da zancen bayan sujada. Tun daga ranar ba ta ƙara sakin jiki da ni ba, ta ce a Facebook take jin abin da ke zuciyata kamar kowa. Yanzu an zaɓe ni cikin waɗanda za su tafi ƙauyukan Maraɗi na mako shida, daga ƙarshen Yuli. Tana da ciki, likita ya ce haihuwar za ta zo farkon Satumba, kuma da tiyata aka ciro ɗanmu na biyu. Ba ta ce kada in tafi ba, ta ce in yi abin da na ga dama. Ina tsoron kada in zama wanda ya fi ƙaunar iyalinsa a kan Ubangiji. Shin in tafi? Kuma in daina rubutun ne?

Ɗanki cikin Almasihu, daga Zariya.

Ɗana, alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da gidanka. Na ji daɗi da ka tsaya neman shawara tun kafin ka ɗaure kaya, domin maza da yawa sai sun dawo sun tarar da ɓarna sannan suke tambayar inda suka yi kuskure. Ban yi shakkar ƙaunarka ga aikin bishara ba, mutumin da ya ba da hutunsa shekara shida yana bin ƙauyuka ba da wasa yake yi ba. Amma zan fara da maganar da matarka ta faɗa maka, cewa ka yi abin da ka ga dama, domin na lura kana neman ka ɗauke ta a matsayin izini. Na daɗe a gidan aure, na kuma zauna da mata masu yawa suna kuka a gabana, ina tabbatar maka cewa idan mace mai ciki wata bakwai ta faɗa wa mijinta haka, ta gaji ne da roƙo, tana kuma jira ta ga ko zai zaɓe ta ba tare da ta roƙa ba.

Tambayoyi biyu ka yi mini, ɗaya a kan tafiya ɗaya a kan rubutu, amma tushensu guda ne, kuma matarka ta riga ta nuna maka shi da ta ce a Facebook take jin abin da ke zuciyarka kamar kowa. Ka tsaya a kan kalmar nan, kamar kowa. Abin da ke ci mata rai shi ne, ƙarfinka yana tafiya ƙauye, tunaninka na dare yana tafiya ga masu karatu, ita kuwa da ta riƙe maka gida har ka samu sukunin yin duka biyun, ragowa take samu. Macen da take son ta riga kowa jin abin da ke damun mijinta da abin da ke faranta masa rai ba gāba take yi da kiransa ba, hakkinta na aure take nema.

Batun rubutun da ya jawo wannan sanyi, dole in faɗa maka gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Da ka sanar wa duniya cewa ka yafe mata, ka riga ka sanar cewa ita ce mai laifi, ka zama mai ƙara, ka zama alƙali, ka kuma zama mai jinƙai a labari guda, ita ko ba a ba ta damar buɗe baki ba. Kuma ka duba asalin rigimar da kanka: kuɗin ajiyarku ne ku biyu, ka ɗiba ba da saninta ba. Mai yiwuwa ta faɗi maganganu masu zafi da bai kamata ba, amma wanda ya fara taɓa amanar gidan shi ya fi cancanta ya fara neman gafara. Rashin ambaton sunanta kuma bai rufe komai ba, tunda mata ɗaya gare ka, kuma a garin nan daga Wusasa zuwa Sabon Gari zuwa Samaru masu bi sun san juna, sun san gidan kowa. Matan da suka tare ta bayan sujada ba su kyauta ba, da sun yi tunani da sun kama bakinsu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ubangiji ya ce a Matiyu 18:15 idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi tsakaninku ku biyu kaɗai. Idan haka aka umarta game da ɗan'uwa a ikilisiya, ina ga wadda kuka zama jiki ɗaya da ita?

Saboda haka ka goge wannan rubutu yau, kada ka bari sai gobe. Bayan yara sun yi barci ka zauna da ita, wayarka tana wani ɗaki, ka faɗa mata ainihin abin da ka yi da sunansa: ka taɓa kuɗin ba da shawararta ba, ka kuma fitar da sirrin ɗakinku waje har ta ji kunya a gaban 'yan'uwanta mata. Kada ka haɗa da cewa niyyarka mai kyau ce, ko cewa rubutun ya taimaki wasu, domin duk abin da ya biyo bayan kalmar amma yakan cinye tuban da ya gabace ta. Ka gaya mata yadda za ka mayar da kuɗin, nawa a kowane albashi, har zuwa wane wata. Ina kuma gargaɗinka da wani abu da na san zai zo maka a rai, wato ka hau Facebook ka rubuta neman gafara a fili. Kada ka yi haka sai in ita ce ta nema, don zai sake mayar da ita abin zance, kai kuma ka sami sabon yabo a kan tawali'unka. Idan ba ta sake da kai a daren ba, ka yi haƙuri, raunin wata biyu ba ya warkewa a zama ɗaya.

Rubutu kuwa, ban ba ka shawarar ka daina ba, kuma da za ka daina da na yi baƙin ciki. Zariya gari ne da ya san darajar alƙalami. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma Dokta Walter Miller, Baturen mishan, wanda ya zauna cikin birni tun 1905 kafin mishan ya koma Wusasa a 1929, ya yi shekaru shi da abokan aikinsa suna fama da fassara, har aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Duk da wannan gado, masu rubuta tunanin bangaskiya da Hausa mai daɗin karantawa ba su da yawa a cikinmu, matasanmu sun fi samun abin karatu da Turanci, iyayensu kuma da ba su jin Turanci an bar su da wa'azin Lahadi kaɗai. Baiwarka tana da wurin zama. Abin da ya rage shi ne ka koya mata ladabi.

Ka sayi littafin rubutu na takarda, ka mai da shi wurin da tunanin dare zai fara sauka. Abin da ka rubuta a ciki ya kwana bakwai kafin ka yanke shawarar ko zai fita, za ka yi mamakin yawan abin da kai da kanka za ka ce bai kamata kowa ya gani ba bayan zafin ranar ya huce. Duk rubutun da matarka ko yaranku suka shiga ciki, ko da da jimla ɗaya ce, ita za ta fara karantawa, kuma idan ta ce a'a magana ta ƙare, ba sai ta kawo dalili ba. Ka tuna yaran nan za su girma su iya karatu, abokansu na makaranta ma haka, kuma abin da aka sa a intanet ba ya ruɓewa kamar takarda. Idan kana son misali na zunubi da gafara, ka ɗauko daga naka laifin, shi ne kake da ikon bayarwa. Luka ya gaya mana cewa Maryamu ta riƙe al'amuran da ta gani game da Ɗanta tana ta bimbini a kansu a zuciyarta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wasu abubuwan da Ubangiji yake koya wa mutum a ɗakinsa, don shi da iyalinsa ne.

Akwai wasu mutane da ba ka ambata a wasiƙarka ba, amma suna cikin rubutunka kullum, su ne mutanen ƙauyukan da kuke zuwa. Kai kana kwana biyu ka dawo Zariya, su kuwa can za su ci gaba da zama da danginsu da maƙwabtansu. Hoton sabon mai bi, ko sunan ƙauyensa, ko bayanin da zai sa a gane shi, yana iya jawo masa kora daga gida, ko a raba shi da matarsa da gonarsa, wani lokaci ma abin ya fi haka muni. Ko inda babu wannan haɗari, tsohuwar da ta ba ku ruwa a ƙwarya ba ta san ɗaruruwan mutane za su kalli tsumman jikinta suna tausaya mata ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka sakaya wuri da suna, ka kuma rubuta su da mutuncin da za ka so a rubuta mahaifiyarka da shi.

Yanzu ga tafiyar Maraɗi. Amsata a fili take, ɗana: kada ka tafi a wannan karon. Macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, likitoci suna son ta haihu a asibitin da ke da ɗakin tiyata a shirye, saboda tabon mahaifa yana iya buɗewa lokacin naƙuda, kuma sau da yawa sukan sa ranar aiki tun kafin ranar da aka ƙiyasta ta cika. Ranar da likita ya faɗa ƙiyasi ne kawai, naƙuda tana iya zuwa da mako biyu ko uku kafin ta, wato a tsakiyar Agusta, lokacin da kake can cikin ƙauye. A irin wannan dare ana bukatar wanda zai nemo mota, wanda zai biya kuɗi, wanda zai ba da jini ko ya nemo masu bayarwa, wanda likita zai yi shawara da shi idan abu ya rikice, da wanda zai san inda za a bar yara biyu. 'Yan'uwa da maƙwabta za su taimaka, amma babu wanda ya yi alkawari a gaban bagadi cewa zai tsaya mata cikin ciwo da lafiya sai kai.

Kada kuma ka ce za ka dawo da gaggawa idan an kira ka. Agusta tsakiyar damina ce, hanyoyin ƙauye sukan yanke, waya ba ko'ina take kamawa ba, kuma ka san halin tsaro a hanyoyin Katsina da Jibiya bai bar mutum ya yi tafiyar dare yadda ya so ba. Ka tuna kuma bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 an rufe iyaka na watanni, mutane da kaya suka maƙale ta kowane ɓangare. Wanda ya tsallaka wata ƙasa ba shi kaɗai ke da ikon ranar dawowarsa ba.

Na san ayar da ke tsorata ka, Matiyu 10:37, inda Ubangiji ya ce wanda ya fi ƙaunar mahaifi ko mahaifiya, ɗa ko 'ya a kansa bai cancanci zama nasa ba. Ka karanta surar gaba ɗaya, za ka ga yana shirya almajiransa ne don ranar da mutanen gidansu za su tilasta musu su yi musun sa. Matarka ba ta ce ka yi musun Almasihu ba, ba ta hana ka bishara ba, shekara shida tana haɗa maka guzuri. Ubangijin nan da ya faɗi waccan magana shi ne ya tsauta wa Farisiyawa a Markus sura 7, saboda sun koya wa mutane su ce abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya, ya kuma gaya wa Korantiyawa a fili cewa mai aure ba shi da sakewar da marar aure yake da ita. Bitrus, wanda shi kansa mai aure ne, ya ce miji ya zauna da matarsa da fahimta don kada addu'arsa ta toshe. Ka kuma tuna mutumin ƙasar Garasinawa da aka fitar wa aljanu, ya roƙi Yesu ya bar shi ya shiga jirgi tare da shi, Yesu ya ce masa ya koma gida wurin mutanensa ya ba su labari. Biyayyarsa a ranar ita ce ya tsaya.

Mahaifina mai bishara ne, da keke yake bin ƙauyuka, wani lokaci mu yi mako uku ba mu gan shi ba. Ban taɓa jin mahaifiyarmu ta yi gunaguni a kan tafiyarsa ba, kuma sai da na girma na gane dalili. Kafin ya fita sai ya auna mana hatsi, ya tara itace, ya faɗa mata ƙauyen da zai kwana da ranar dawowa, su durƙusa tare su yi addu'a. Idan ya dawo kuwa, kafin ya je wurin fasto ko dattawa, ita yake fara ba labari, a tsakar gida, har dare ya raba. Takan ce aikinmu, ba ta taɓa cewa aikinsa ba. Wannan kalmar nake so ka dawo da ita bakin matarka.

Ka je wurin shugaban ƙungiyarku cikin wannan mako, tun da sauran lokacin da za a sa wani a gurbinka, ka faɗa masa dalilinka ba tare da ka ɗora wa matarka ba. Kada ka ce ta hana ka, ka ce kai ka ga ya kamata ka tsaya. Shugaba mai hankali zai sa maka albarka. Idan wani ya matsa maka da cewa ka sa hannu ga garma kana waiwaye, ka kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya, ka kuma tuna masa da hukuncin Dawuda a 1 Sama'ila sura 30, lokacin da mutum 200 suka tsaya wurin kaya, 400 suka tafi yaƙi, ya ce rabon wanda ya tsaya daidai yake da na wanda ya tafi. Kana iya zama mai tsaron kayan wannan tafiya: ka taimaka wajen tara gudummawa, ka rubuta musu gajerun darussa da Hausa mai sauƙi da za su bar wa sababbin masu bi, ka riƙa tattara rahotonsu kana karanta wa ikilisiya don addu'a. Ka kuma nemi a sa ka a fitar rani, a hutun Disamba ko na Ista, na mako ɗaya ko biyu, idan mai jego da jariri sun yi ƙwari. Ni a ganina ma rani ya fi dacewa da wa'azin ƙauye, an gama girbi, manoma suna gida suna da lokacin zama. Ruhu Mai Tsarki ya hana Bulus shiga Asiya da Bitiniya a wata tafiya, daga baya ya yi shekaru yana aiki a Afisa, cikin Asiyar nan da aka hana shi.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka kai gaban Ubangiji kai kaɗai, ba don ina zarginka ba, sai don na san yadda yabo yake shiga zuciya a hankali. Da za a ce ka tafi Maraɗi amma ba za ka rubuta ko kalma ɗaya ba, ba hoto, ba wanda zai san ka je, shin zafin son tafiyar zai kasance yadda yake yanzu? Idan amsar i ce, ka gode wa Allah, kiran zai jira ka har rani. Idan ka ji wani abu ya motsa a ranka, to ka sami abin yin addu'a a cikin makonnin da za ka zauna a gida.

Idan an sauka lafiya, an yi suna, hankali ya kwanta, ku zauna ku biyu da kalandar shekara ku tsara tare: fita nawa, kwana nawa, daga wace jaka kuɗin zai fito, wane ne zai riƙa leƙa gidan. Ku ware kuɗin bishara daban da na makaranta da na asibiti, kada a sake taɓa ɗaya don ɗaya sai da bakin ku biyu. Ka tambaye ta kuma abin da ita take marmarin yi wa Ubangiji, wataƙila shekara shida ba wanda ya tambaye ta. Bilkisu da mijinta Akila, abokan aikin Bulus, tare suke tafiya, tare suke koyarwa, kuma akwai ɗakunan matan ƙauye da kai ba za ka taɓa shiga ba, ita kuwa za a shimfiɗa mata tabarma. Idan bayan duk wannan ka ga har yanzu zuciyarta a rufe take, ku nemi wasu dattawan ma'aurata da ita ta amince da su, ita za ta zaɓa, ku zauna da su a asirce.

Kafin nan, ranar awonta mai zuwa ka nemi izini a makaranta ka raka ta asibiti. Ka ji da kunnenka abin da likita zai ce game da ranar haihuwa da yadda za a yi ta, ka tambayi rukunin jininta da naka, ka kuma san mutum biyu da za ka iya kira da mota ko da tsakar dare ne. Ina yi muku addu'a Ubangiji ya sauke ta lafiya. Ka gaishe mini da ita da yaran.

Mamarku cikin Ubangiji.